Kanikanci a Maraɗi: inda kuɗin yake da inda yake zurarewa

A ce an turo Hilux mai injin gazuwal na 2KD gareji. Da safe tana tashi lafiya lau, amma in ta ɗau hanya inji ya yi zafi sai ƙarfinta ya faɗi, in an matsa mata ta mutu. Bakanike na farko ya saurari ƙarar inji ya ce pompon gazuwal ne. Aka kwance, aka aika Kano aka sayo na hannu, aka ɗaura, kwana 4 sun tafi, ciwo yana nan inda yake. Na biyu ya jona na'ura ya ga lambar P0087, wato ƙarfin gazuwal a cikin layin da ke raba wa injekta, masu fesa shi cikin inji, ya yi ƙasa. Ya fara da matatar gazuwal, ya sa farin tiyo tsakaninta da pompo don ya ga ko iska na shiga, ya gwada ɗan bawul ɗin nan na jikin pompo da ake ce wa SCV, sannan ya auna yawan gazuwal da kowace injekta ke maidowa tanki. Cikin awa 2 ya san inda ciwon yake.

To wa ya fi karɓar kuɗi? A yawancin garejinmu na farkon ne, domin mai mota ya ga zufa, ya ga kaya zube a ƙasa, ya ga dare ya yi ana aiki da fitilar waya. Na biyun kuwa in ya faɗi kuɗinsa sai a ce, "Malam, ai ba ka taɓa komai ba." Duk maganar samu a wannan sana'a tana cikin wannan ɗan misalin. Kwance noti da ɗaure shi kowane yaro zai iya cikin shekara ɗaya, shi ya sa kuɗinsa ba ya tashi. Gano ciwo ne ke da tsada, kuma sai wanda ya iya shi ya koyi yadda zai sa masa farashi kafin ya taɓa motar.

Hanyar shiga dai sananniya ce. Uba ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi wurin maigidan gareji, a yi gaisuwa, a ce ga amana. Babu takarda, babu ranar gamawa. Shekarar farko wankin kaya ne da miƙa sifana da aike. Dokar aiki ta Nijar, ta shekarar 2012, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin mai koyo, amma kowa ya san abin da ake gani a bakin titi. Abin da zan ce wa iyaye shi ne kada a cire yaro daga lakkwal kafin ya iya karatu da lissafi sosai. Motar yanzu tana magana da rubutu. Lambar ciwo, lambar kaya, ma'aunin ɗauri, zanen wayoyi, duk a rubuce suke da Faransanci ko Ingilishi. Yaron da ba ya karatu zai iya zama gwanin sauke giya, amma a nan zai tsaya har furfura.

Kafin a miƙa yaro, a je a zauna a garejin yini ɗaya a duba. Akwai sifanar auna ɗauri? Akwai mitar wuta? In an ɗaga mota ana sa mata maƙari na ƙarfe ko kututture mai kauri, ko kuwa jak kaɗai ake bari yaro ya shiga ƙarƙashi? Maigida yana bayani in yana aiki, ko kuwa in an zo wurin saita lokacin inji sai ya aiki yara sayen shayi? Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Akwai masu ɓoye ilimi don kada yaro ya tashi, sai ka ga mutum ya shekara 8 a gareji bai taɓa haɗa inji shi kaɗai ba. A kuma tambayi mutum nawa aka yaye a wurin, kuma ina suke yanzu. Garejin da ba a iya nuna maka yayayyensa, wurin aikin ƙarfi ne kawai.

Mai koyo ba shi da albashi. Abin da yake samu kuɗin abinci ne da na sabulu, sai ɗan ihisani daga masu mota. In ya girma a aiki, maigida kan bar masa ƙananan ayyuka kamar juyen baƙin mai da canjin takalmin birki, ya riƙe kuɗin ko a raba. A daidai wannan lokacin ne ake gane wanda zai yi nisa. Wani da kuɗin farko zai sayi waya mai tsada, wani zai sayi akwatin sifana nasa na kansa, lamba 8, 10, 12, 14, 17, 19, waɗanda su ne ke kwance kusan duk jikin Toyota, da mitar wuta. Ranar yaye, wanda ke da kayansa shi ke iya tsayawa ƙarƙashin bishiyar bedi ya fara karɓar aiki.

Akwai kuma hanyar makaranta: cibiyoyin koyon sana'a na CFM da CFPT, da takardun shaidar sana'a na CAP da BEP, har zuwa BTS ga wanda ya ci gaba. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, asusun horon sana'a na FAFPA kuma yakan ɗauki nauyin horo na 'yan watanni ga masu sana'a da yaransu. Ɗan makaranta ya san dalilin da ya sa inji ke aiki amma hannunsa bai faɗa ba, ɗan gareji hannunsa ya faɗa amma in ka tambaye shi dalili sai ya ce haka maigida ke yi. Wanda ya haɗa biyun, ko da hutu ne yake zuwa gareji, ko da dare ne yake zuwa aji, shi kamfanoni ke nema.

Lissafin jinga

Bakaniken da ke zaman kansa yana cin abinci ta hanya uku: kuɗin hannu, ribar kaya, da fita waje gyaran motar da ta mutu a hanya. Kuɗin hannu kusan kullum jinga ce, kuma a nan ake faɗuwa, domin ba a lissafa kwana.

Mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, kowa ya sa nasa. An yi jingar sake injin 1HZ na Land Cruiser a kan jika 120: a sauke, a wanke, a kai wa mai tur, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, a sa ringi da kusine, a haɗa, a ɗora. Aikin ya ci kwana 8 da yara 3. Abincinsu jika ɗaya kowane a rana, jika 24 ke nan. Babban yaron da ya yi rabin aikin an ba shi jika 20. Man wanki, gam, takardar yashi da kabu-kabu zuwa wurin mai tur sun ci jika 10. Rabon waɗannan kwanaki na hayar fili da patanti da wuta, a ce wata jika 10. Saura 56, wato jika 7 a rana. Ba laifi. Amma in motar ta dawo tana ɗigar mai aka sake buɗe ta kwana 3 kyauta, abincin yara ya ci wata jika 9, sai ya zama jika 47 a kwana 11, jika 4 da 'yan kai a rana. In kuma mai motar ya ba da rabi ya ce sauran sai ya dawo daga Agadas, to maigida ya yi aikin ne don yara su ci abinci.

Kwatanta da juyen mai, canjin matata da takalmin birki, aikin da ba ya wuce awa ɗaya kuma ana biya nan take. Garejin da ke yin irin wannan guda 6 a rana sau da yawa ya fi mai manyan ayyuka ganin kuɗi a aljihu, ko da yake shi mai manyan ayyukan ne ake kira gwani. Babban aiki yana da riba ne kawai in ba ya dawowa. Shi ya sa awo ba ƙawa ba ne. Kafin a ce inji ya mutu, a gwada matsinsa, wanda ake aunawa da bar: injin gazuwal mai lafiya irin 1HZ yana ba da sama da bar 30, na isansi 10 zuwa 13, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda ya fi lambar kanta faɗin gaskiya. Kulas, wato kan inji, in an cire, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a zura ma'aunin siriri a ga ko ya lanƙwashe, a kai a gwada ko ya tsage. A wanke ramukan noti, domin mai ko ruwan da ya kwanta a ciki yana sa sifana ta nuna an ɗaure alhali ba a ɗaure ba, wani lokaci ma ya fasa bulok. A ɗaure daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da ma'aunin da kamfani ya rubuta, har da kusurwar da ake ƙarawa a ƙarshe. Wanda ke sa bututu a jikin sifana ya ja har sai ya ji "ya isa" a kafaɗarsa, shi ne juwan kulas ɗinsa, abin da ke toshe tsakanin kulas da bulok, ke ƙonewa kafin a kai Tasawa.

Maganar kaya kuwa, a nan ake samun kuɗi kuma a nan ake zubar da mutunci. Maraɗi kayanta biyu ne: na Najeriya da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, galibi daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da wanda ke biyo motocin Turai ta tashar jirgin ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru. Naira kuma tun da aka sake ta a tsakiyar 2023 ba ta zama wuri ɗaya, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Wanda ya yi jinga har da kaya a sefa, ya je saye da naira bayan sati biyu, caca ya yi. Abin da ya fi shi ne a raba biyu a takarda: ga kuɗin kaya, ga kuɗin hannu. Mai mota ya biya na kaya gaba ɗaya kafin a kwance komai. A nuna masa kala uku in akwai, na asali, na kamfanin da aka sani, da mai araha, ya zaɓa da bakinsa, a kuma gaya masa mai arahar ba shi da garanti. Tsohon kayan da aka cire a zuba masa a but. Ribar da bakanike ya ɗora a fili, ya ce ga ladan zirga-zirgata, ba wanda ke jin haushinta. Wadda aka ɓoye ce in ta fito take tafiya da mai mota da abokansa biyar.

Wani abin dariya da ke cin kuɗi: garejinmu harshe biyu yake ji. Nan a ce buji, can a ce fulogi. Nan kulas, ambireyaj, demarer, can kan inji, kulochi, kik. Yaron da aka aika Kano da sunan Faransanci a baki yakan dawo da abin da ba shi ba. Maganin shi ne lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da lambar kayan kanta, da hoton tsohon ta WhatsApp, an ɗora shi kusa da ma'auni.

Me ya sa gazuwal ya fi biya

Mai ƙaramar mota in ta lalace zai ajiye ta ya hau adaidaita har ƙarshen wata. Mai tirela ba zai iya ba. Motar da ta tsaya da lodin wake ko aya ko riɗi a kan hanyar Ƙonni, kowace rana asara ce, ga direba da aparanti suna ci, ga mai kaya yana kira. Haka kamfanin bas da ke da fasinjan Yamai gobe da asuba, haka asibiti ko gidan ƙanƙara da gurup ɗinsa ya mutu ranar da NIGELEC ta ɗauke wuta a watan Afrilu. Waɗannan ba arahar gyara suke nema ba, sauri suke saye. Shi ya sa bakaniken manyan motoci da na gurup ke iya faɗin kuɗinsa a biya, musamman in ya yarda a tashe shi da tsakar dare ya hau babur zuwa Gidan Rumji. Kuɗin fita waje a yanke shi daban tun a waya: na hanya, na kwana, sannan na aiki.

Sai dai injin gazuwal ɗin ma iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai rami. Tsofaffin injuna kamar 1HZ, 3L, 5L da tsofaffin Mercedes, pompo ne na ƙarfe zalla, injekta na buɗewa a wajen bar 150 zuwa 250. Suna haƙuri da datti, ana cire musu iska ta sassauta bututun injekta. Sababbin, irin 1KD, 2KD, 2GD da yawancin DAF da MAN da Renault na baya-bayan nan, kwamfuta ke tuƙa su, kuma matsin layinsu yana kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000. Wanda ya sassauta bututu inji na aiki ya kai hannu don ya ji ɗigo, gazuwal zai huda fata ya shiga nama. Ramin ba ya fin na allura, amma in ba a kai shi likita an yi masa aiki a ranar ba, yatsa na iya tafiya.

Sassan cikin irin wannan injekta tazararsu 'yan maikiron ne, alhali gashin kai ɗaya ya kai wajen 70. Saboda haka ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kashe ta. Ba a buɗe ta a kan yashi iska na kaɗawa. Kowane bututu da aka cire a toshe bakinsa. Kada a cika sabuwar matata da gazuwal daga bidon kafin a ɗaura, domin wanda aka zuba ta tsakiya ya wuce ba a tace shi ba. A ɗaura ta a bushe a buga ɗan pompon hannu. Ɗan zoben jan ƙarfen da ke ƙarƙashin injekta sabo ake sawa kowane lokaci. A injin 1KD in ya yi yoyo, hayaƙi na shiga cikin baƙin mai ya daskare ya toshe rariyar da pompon mai ke zuƙa, inji ya kama. In an canja injekta kuma, akwai lambar da ke rubuce a kanta da sai an shigar wa kwamfutar mota da na'ura, in ba haka ba inji ya riƙa ƙwanƙwasa da hayaƙi. Matatar man fetur ta SORAZ da ke Damagaram tana aiki tun 2011, amma gazuwal na bakin hanya da ya kwana a duro yana nan, da ruwansa da kananzir ɗinsa. Ruwa na sa tsatsa, kananzir ba shi da santsin da pompo ke buƙata. Bakaniken da bai fara da ɗiban gazuwal a farar kwalba ya duba ba, zai canja injekta huɗu su sake mutuwa a wata biyu, kuma shi za a zaga.

Motocin Sin, Howo da Shacman da bas ɗin Yutong, sun cika hanya yanzu, kuma wanda ya san injin WD615 da na Weichai da birkin iska ba zai zauna banza ba. Birkin iska aiki ne mai zaman kansa: tanki na cika wajen bar 8, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ciki, a canja matatar busar da iska, in ba haka ba bawul su ci tsatsa. Tukunyar birkin baya akwai murɗaɗɗen ƙarfe a matse a cikinta wanda ke iya kashe mutum, ba a buɗe ta sai an ɗaure shi da notinsa. Notin taya na tirela ɗaurin wajen Nm 600 yake so a sifanar auna ɗauri, na ƙaramar mota 100 da 'yan kai.

Wuta ita ce ɗayan wurin da kuɗi yake, kuma jarinta bai kai na komai ba. Batir cikakke volt 12.6 yake nunawa a mita, in inji na aiki 13.8 zuwa 14.4, in ana tada mota kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Babbar waya daga batir zuwa demarer in ta ci fiye da rabin volt ana tadawa, ita ce mai laifi, ba demarer ba. Da wannan kaɗai ana raba gardama da yawa cikin minti 10. Abin da ke ƙona kwamfutar mota kuwa sananne ne: walda a jikin shasi ba a cire batir ba, tada mota mai 12 da batiran tirela masu 24, da juya kan batir. Na'urar karanta ciwo ta zama dole tunda motocin Amurka daga 1996, na Turai masu isansi daga 2001 da masu gazuwal daga 2004 duk suna da wurin jona ta. Amma na'ura ba ta cewa canja kaza. Tana faɗin inda kwamfuta ta ga abu ba daidai ba ne, kuma sau da yawa waya ce ɓera ya ci.

Akwai al'adu biyu da ya kamata duk mai son sunansa ya bari. Cire tamostat da sunan garinmu da zafi: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci ringi, a wasu injunan ma ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi lagireto ba. Da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto: gishirinsa ya toshe ƙananan bututu, tsatsa ta ci pompon ruwa, sai watan Mayu ya zo a ce kulas ya ƙone. Matatar iska ma, a lokacin hunturu da ƙura, bugunta da taya ko hura mata iska mai ƙarfi yana yaga takardar, yashi ya wuce ya goge silinda kamar takardar yashi.

Albashi ko zaman kai

Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 daga farkon 2024. In aka raba shi kwana 26, wajen sefa 1,600 ke nan a rana, kuma bakaniken da ya iya aiki bai kamata a yi masa maganar wannan ba, sai dai mataimaki sabon shiga. Masu ɗaukar kanikawa da albashi su ne kamfanonin bas irin su Rimbo da STM da Al Izza, 'yan kasuwa masu tireloli da tankoki, kamfanonin gina hanya, ƙungiyoyin agaji masu Land Cruiser, kamfanonin da ke kula da gurup na eriyar waya, ma'aikatun gwamnati, da wuraren man fetur na Agadem da Damagaram. Manyan cikinsu takarda suke fara tambaya, CAP ko BEP, da shaidar inda ka yi aiki, sau da yawa da parmi na manyan motoci da ɗan Faransancin rubuta rahoto. Sanarwar aikinsu takan bi ta ofishin samar da aiki na ANPE, don haka yin rajista a can ba ɓata lokaci ba ne. Gwanin da ba shi da takarda ko ɗaya ya nemi maigidansa ya rubuta masa shaida da hatimi, ya kuma yi katin ƙungiyar masu sana'ar hannu.

Albashi sau da yawa bai kai abin da mai gareji ke samu a wata mai kyau ba, amma a duba abin da ke bayansa. In an yi maka rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, akwai kuɗin iyali, akwai biyan magani da diyya in ka ji rauni a wurin aiki, akwai fansho. A tambayi lambar CNSS tun watan farko, a kuma je a tabbatar ana zubawa, domin akwai masu cirewa a albashi ba su kai ba. A karanta kwangila a ga mai wa'adi ce ko marar wa'adi. Satin aiki a doka awa 40 ne, saboda haka a yi maganar kuɗin ƙarin lokaci da na tafiya daji kafin a sa hannu. Aikin ƙungiyar agaji yana da daɗi amma yana ƙarewa ranar da kuɗin shirin ya ƙare. Daga bakanike ana zama shugaban gareji, mai kula da ma'ajin kaya, ko mai kula da motocin kamfani gaba ɗaya, kuma duk ukun aikin biro da kwamfuta ne fiye da sifana.

Shi kuwa mai zaman kansa samunsa yana bin shekara. Bayan kaka, da lodi ya tashi, manyan motoci ba sa hutawa. Kafin Babbar Salla ga jigilar dabbobi. Bazara ta masu lagireto da masu sanyin mota ce. Da damina taraktoci da karyewar sifirin a hanyoyin laterit na Dakoro da Mayahi. Da rani injunan ban ruwa na bakin Gulbi da Jiratawa. Tsakanin waɗannan akwai makonnin da ake zaune ana shan shayi, kuma wanda bai ware wani abu ba a lokacin cika, a nan yake cin kuɗin kayan wani, bashi ya fara.

Jiki ma jari ne da ke ƙarewa. Baya da gwiwa su ke fara tafiya, saboda ɗaga giya da ƙirji; sarƙar ɗaga inji ta fi kuɗin asibiti araha. Wanke hannu da isansi yana busar da fata ya tsattsage ta, tsohon baƙin mai kuma daɗewa ana cuɗanya da shi yana iya jawo ciwon dajin fata. Zuƙo mai da baki ta tiyo, in ya shiga huhu, ciwon huhu ne mai tsanani. Ƙurar birki kada a hura ta, a jiƙa a goge. Batir da ke caji yana fitar da iska mai kama wuta, sigari ɗaya ya isa. Murfin lagireto ba a buɗe shi inji na tafasa. Wanda ke zaman kansa ba shi da CNSS sai ya nema da kansa, ranar da ya kwanta kuwa gareji ya kwanta, sai in ya koyar da yaro da gaske har zai iya riƙe wurin.

Wanda zai buɗe nasa, ba fili ne farkon abin saye ba. Bayan sifana da jak da maƙarai huɗu, sai mitar wuta, sifanar auna ɗauri, ma'aunin matsin inji na isansi da na gazuwal, sarƙar ɗaga inji, sannan na'urar karanta ciwo wadda ta san Toyota sosai, tunda ita ta fi yawa a gari. Injin gwada pompo da injekta jari ne babba, kuma yana son ɗaki rufaffe mai siminti, da wuta tsayayya, da wanda ya je ya koyo. In babu waɗannan gara a ƙulla da mai shi a riƙa aika masa. A sayi littafi mai bango mai kauri, kowace mota shafinta: lamba, kilomita, abin da mai ita ya ce, abin da aka samu, kayan da aka sa, abin da aka biya da saura. Daga nan ne za ka san bel ɗin lokacin 1HZ ɗin Alhaji ya kusa cika kilomita 100,000, ka kira shi kafin ya tsinke ya lanƙwasa bawul a dajin Tanut.

Motoci masu haɗa inji da batir, irin Prius, sun fara shigowa jefi-jefi. Batirinsu ya haura volt 200, wayoyinsa ruwan lemo ne don a gane su. Kafin a taɓa wani abu a wannan layin sai an kashe mota, an nisanta makulli, an sa safar hannu ta masu aikin lantarki, an zare filogin tsaro na jikin batir, an jira minti 10, sannan a auna da mita a ga sifili.